Daga Tashar Jirgin Nguru Zuwa Jami'ar Gashuwa: Yadda Ilimi Ya Shiga Kasuwa



Tun daga shekarar 2023 zuwa yau, da wuya a zauna a majalisa ana hirar karatun yara a tashi ba a ambaci kuɗin rajista ba. Wani ya ce gwamnati ce ta yi watsi da ilimi, wani ya ce shugabannin jami'o'i ne suka koma 'yan kasuwa, wani kuma ya ce ai dama abin da aka samu a ɓagas ba a sanin darajarsa. Kowa da hujjarsa. To amma a nawa ganin, ba za a gane bakin zaren ba sai an waiwaya baya, domin wannan al'amari ba a Nijeriya ya faro ba, kuma ba jiya ya faro ba. Shekara 40 da ɗoriya ke nan ana karkatar da akalar jami'o'in duniya, daga zamansu gidajen da al'umma ke ɗaukar nauyi zuwa masu haja da ke neman ciniki. Mu kuwa da kasuwa ce ta kawo kakanninmu wannan yanki, muna da ta cewa a kan batun, don mun ga irin abin da kasuwa ke ginawa, mun kuma ga yadda take tattara komatsanta ta bar shi idan riba ta ƙare.

Kasuwar da ta kawo mu

Nguru tsohon gari ne tun kafin zuwan Turawa. A wannan yanki Galadiman Borno yake zaune, shi ne mai tsaron iyakar daular ta yamma, kuma ƙasa ce ta Mangawa da Barebari. Gashuwa kuwa ƙasar Bade ce, a bakin kogin Yobe, kuma a shekarun 1940 ne aka dawo da fadar Mai Bade can daga Gogaram. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa waɗannan wurare da jakuna da raƙuma, suna kai tufafi da goro, suna dawowa da kanwa da gishiri da fata. Amma abin da ya mayar da ratse ya zama zama, shi ne jirgin ƙasa.

Jirgi ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kammala reshen da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa ya tuƙe a Nguru, tafiyar fiye da kilomita 200. Daga nan Nguru ta zama ƙofar Borno baki ɗaya. Gyaɗa da ƙaro da fata da ƙirgi da shanu da bandar kifi da busasshen nama, duk a nan ake tara su a loda su zuwa Kano da Ikko. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Kwarori suka zo, mutanen Kudu suka zo aikin reluwe, mu ma kakanninmu suka kwararo daga Kano da Haɗeja da Gumel da Katsina da Damagaram: dillalai da mahauta da 'yan koli da maɗinka da 'yan dako da malaman allo. Masu gari suka karɓe su, aka yi auratayya, har Hausa ta zama harshen ciniki a kasuwannin yankin. Gashuwa ma ta ci moriyar wannan buɗi, domin ta nan kayan gabas ke bi kafin su kai tasha.

To sai me ya faru? A 1964 aka kai wani layin dogo Maiduguri ta hanyar Bauci da Gombe, kayan Borno suka sami wata ƙofar fita. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo ya kashe dabbobi da amfanin gona. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a faɗin Arewa. Kuɗin man fetur suka ɗauke hankalin gwamnati daga noma, manyan motoci suka ƙwace lodi daga jirgi, kamfanoni suka rufe kantunansu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi haka don ƙiyayya da Nguru. Kasuwa ce kawai ta ga riba a wani wuri ta bi ta. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kansa.

Zamanin da jami'a ke wuyan hukuma

Jami'a ta farko a ƙasar nan ita ce ta Badun, wadda aka buɗe a 1948 a matsayin reshen Jami'ar Landan. Ana dab da samun 'yancin kai aka kafa kwamitin Ashby don ya duba irin ma'aikatan da sabuwar ƙasa za ta buƙata, ya miƙa rahotonsa a 1960. Cikin shekaru biyu aka sami jami'o'in Nsukka da Ife da Legas, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta gina ta, kuma a wancan lokaci gyaɗa da auduga su ne ƙashin bayan baitulmalin Arewa. Wato ke nan buhunan da 'yan dako suka yi ta lodawa a tashar Nguru suna da kaso a tubalan Samaru. Ba kyauta aka yi wa talaka ba da aka ce ɗansa ya je ya yi karatu, guminsa ne aka dawo masa da shi ta wata fuska.

Tunanin wancan zamani shi ne, jami'a kamar rijiyar gari ce. Ana haƙa ta da kuɗin kowa, kowa ya sha, kuma ba a tambayar ta nawa ta kawo a ƙarshen wata. Aikinta shi ne ta samar da likita da alƙali da malamin makaranta da malamin gona, ta kuma yi binciken da zai amfani manomi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta girmi jami'ar kanta da kusan shekara 40, ita ta riƙa fitar da ingantaccen irin gyaɗa da dawa da auduga ana raba wa manoma. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ta kuma kafa sababbi, ciki har da ta Maiduguri da ta Sakkwato da kwalejin Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Jami'ar Maiduguri ita ce ta zama gidan karatun 'ya'yan wannan yanki namu shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1970 aka soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ɗalibi yana cin abinci sau uku a farashi mai rahusa, yana da ɗaki, ga alawus daga jiharsa.

Alamar farko ta cewa tukunyar ta soma tsagewa ta bayyana a 1978, lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini. Ɗalibai suka yi bore suna neman a cire kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, aka yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Yaran yanzu idan suka ji cewa a kan kwabo 50 aka yi wannan tashin hankali sai su yi dariya. Amma ɗaliban wancan lokaci sun hango abin da ke tafe: idan aka buɗe ƙofar nan, ba za ta sake rufuwa ba.

Iskar da ta taso daga waje

A daidai wannan lokaci, a ƙasashen Turawa ma ana sauya tunani. Gwamnatin Margaret Thatcher a Ingila ta ce daga 1980 ɗalibin da ya zo daga ƙasar waje sai ya biya cikakken kuɗin karatunsa, abin da ya shafi 'yan Nijeriya da yawa, sannan a 1981 ta zaftare kuɗin da take ba jami'o'i. A Amurka kuma, a 1980 aka yi dokar da ake kira Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, su sayar wa kamfanoni. Daga nan farfesa ya soma zama abokin cinikin masu masana'antu. Ostareliya ta dawo da biyan kuɗin karatu a 1989 ta hanyar bashin da ake cirewa a albashi bayan an kama aiki. Ingila ta sa wa 'ya'yanta fam 1,000 a shekara a 1998, kafin 2012 abin ya kai fam 9,000.

A 1998 wani masani Ba'amurke mai suna Burton Clark ya fitar da littafi a kan jami'o'i biyar na Turai da suka koyi neman na kansu, ya kira su jami'o'i masu zuciyar kasuwanci. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Warwick ta Ingila, wadda da aka rage mata kuɗi sai ta shiga ƙulla hulɗa da masana'antu, tana horar da injiniyoyinsu, tana ba da hayar ɗakunan taro, tana jawo ɗalibai daga ƙetare. Ta yi nasara ƙwarai, shi ya sa aka mayar da ita abin misali a duniya. Sai dai abin da masu kawo misalin ba su cika faɗa ba shi ne, Warwick a gefen birnin Koventiri take, cibiyar ƙera motoci ta Ingila. Mai kuɗin da zai sayi iliminta yana bakin ƙofarta.

A nahiyarmu kuwa, Bankin Duniya ne ya ɗauko wannan aƙida ya kawo. Masanansa suka yi lissafi suka ce kuɗin da aka zuba a firamare ya fi kawo riba a kan wanda aka zuba a jami'a, saboda haka gwamnatocin Afirka su rage kashe wa jami'o'i, masu amfana su biya. Inda aka fi gwada wannan shi ne Jami'ar Makerere ta Yuganda. Daga farkon shekarun 1990 ta fara ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi, kafin shekara goma sun rinjayi na gwamnati nesa ba kusa ba. Kuɗi sun shigo, albashi ya ɗan gyaru. Amma Farfesa Mahmood Mamdani, wanda ya koyar a can, ya rubuta littafi a 2007 ya nuna ɗaya fuskar: tsangayoyi suna rububin ɗalibai kamar 'yan kamasho a tasha, ana ƙirƙiro kwasa-kwasan da za su sayu ko da babu malaman da suka ƙware a kansu, azuzuwa sun cika sun batse, bincike ya mutu. Shi kansa Bankin Duniya a shekarar 2000 ya sa hannu a wani rahoto da ya amince cewa ƙasashe matalauta ba za su ci gaba ba sai da jami'o'i masu ƙarfi. Amma kafin nan an riga an yi ɓarnar.

Yadda ta iso gida

A Nijeriya, a tsakiyar shekarun 1980 aka janye tallafin abincin ɗalibai. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati, amma zuwa 1993 sai ka ba da kusan naira 22 kafin a ba ka dala. Littattafai da kayan ɗakin gwaji, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka gagara. Albashin malami ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, manyan malamai suka yi ta ficewa zuwa Amurka da Saudiyya da Kudancin Afirka. A shekarar da aka fara SAP ɗin ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, wato ragowar tsarin da ya raya Nguru da wanda ya raya jami'a kusan tare suka faɗi. A 1990 gwamnati ta karɓo bashin dala miliyan 120 daga Bankin Duniya don gyaran jami'o'in tarayya, da sharuɗɗan rage ma'aikata da rage kashe kuɗi, malamai da ɗalibai suka yi ta adawa da shi.

A nan ya kamata a yi wa ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU adalci, duk da haushinta da iyaye ke ji saboda yajin aiki. A yarjejeniyar 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancinta, ita ta kawo shawarar a sa wa kamfanoni harajin ilimi. A 1993 aka yi dokar karɓar kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun da a 2011 ya koma TETFund. Duk wanda ya shiga wata jami'a ko kwalejin gwamnati a yau ya ga sabon gini, mafi yawa zai ga sunan wannan asusu a jikinsa. Wannan ma kuɗin kasuwa ne, amma an karɓo su ne a matsayin haƙƙin al'umma, ba a matsayin ciniki ba. Bambancin yana da girma.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙofar ciniki ta ci gaba da buɗewa. Dokar 1993 ta halatta jami'o'i masu zaman kansu, a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion da Babcock da Madonna, duk a Kudu. Arewa ta biyo baya da irin su jami'ar Amurka ta Yola da Al-Qalam ta Katsina a tsakiyar shekarun 2000, kuma a yau jami'o'i masu zaman kansu sun fi na tarayya yawa. Su kuma na gwamnati aka ce kowacce ta riƙa samo wani kaso na kuɗin da take kashewa da kanta. Nan aka shiga buɗe karatun difloma da na share fage da na ƙarshen mako, da rassa a garuruwa barkatai har sai da gwamnati ta rufe su a 2001. Jami'o'i suka buɗe gidajen burodi da na ruwan leda da masaukin baƙi da gidajen mai. Daga wajajen 2007 aka wajabta wa kowane ɗalibi darasin koyon sana'a da dogaro da kai, ko me yake karantawa. Ma'anar wannan a fili take: gwamnati na gaya wa yaro cewa kada ya jira aiki daga wurinta.

Jami'a ta sauka a Gashuwa

An ƙirƙiro Jihar Yobe a watan Agusta na 1991, kuma ta yi shekara 15 ba ta da jami'a ko ɗaya, sai a 2006 gwamnatin Bukar Abba Ibrahim ta kafa ta jiha a Damaturu. A yankinmu na arewa abin da muke da shi shi ne kwalejin horar da malamai ta Umar Suleiman a Gashuwa da kwalejin shari'a da addinin Musulunci a Nguru, waɗanda suka yaye malamai da ma'aikatan kotu masu yawa, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi musu hidima. A 2011 gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya tara, ciki har da Dutse da Dutsin-ma da Kashere, bisa manufar kowace jiha ta sami guda. A 2013 aka cike da uku: Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa.

A tuna wace irin shekara ce 2013 a Yobe. A watan Mayu aka sa dokar ta-ɓaci. A watan Yuli aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo, a watan Satumba aka kashe na kwalejin aikin gona ta Gujba, a watan Fabrairun 2014 kuma aka yi na Buni Yadi. A lokacin da wasu ke yanka yara don sun je makaranta, a lokacin ne aka kafa jami'a a Gashuwa. Babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a irin wannan wuri a irin wannan lokaci. Da kasuwa aka bar wa zaɓi, da har gobe babu jami'a a arewacin Yobe. Hukuma ce ta kawo ta, don lissafinta ba na riba ba ne.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Jami'ar Zariya ta yi ƙuruciyarta a zamanin da gwamnati ke ɗauke da komai, ta yi ƙarfi kafin a ce ta nemi na kanta. Ita kuwa ta Gashuwa an haife ta ne a zamanin da ake ce wa jariri ya tashi ya yi talla. Tana cikin shekarunta na farko aka yi yajin aikin wata tara a 2020, aka sake yin na wata takwas a 2022. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin dizal da na lantarki suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'in tarayya irin su Maiduguri da Bayero suka ninka kuɗin rajista a wannan shekara. A takarda har yanzu babu kuɗin koyarwa a jami'ar tarayya, amma uban da ya sayar da buhunan gero ya biya, shi bai ga bambancin suna ba. A ƙarshen 2023 har sai da gwamnati ta ce za ta riƙa cire kashi 40 cikin 100 na abin da jami'o'i suka tara da kansu, sai da aka yi ca a kanta ta janye. A 2024 aka buɗe asusun ba ɗalibai bashi na NELFUND, bashin da babu ruwa a kansa, wanda za a fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Ya taimaki yara da yawa, wannan gaskiya ne. Amma ya kuma tabbatar da inda aka dosa: karatu ya tashi daga wuyan al'umma ya koma wuyan yaro.

Tambayoyin da ba su da mai saye

Idan aka ce jami'a ta sayar da iliminta ta ci abinci, sai mu tambaya, wa zai saya a Gashuwa? Manyan matsalolin wannan yanki da ke buƙatar masana sanannu ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani wuri ruwa ya kwanta a gonaki shekara da shekaru, ga tsuntsayen jan-baki da ke samun mafaka a cikinta suna cinye hatsi. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda duniya ta amince da muhimmancinsa har aka sa tafkin Nguru a jerin wuraren da ake karewa a shekarar 2000, shi ke ciyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa dubbai. Ga hamada na matsowa ta wajen Yusufari da Machina. Ga ambaliya irin ta 2022 da ta raba mutanen Gashuwa da yawa da gidajensu. Uwa-uba ga ciwon ƙoda, wanda ya addabi ƙasar Bade shekaru da dama, har da wuya ka sami zuri'ar da bai taɓa ba.

Wane ne zai biya kuɗin binciken ciwon ƙoda? Majinyacin da ya sayar da gonarsa don wankin ƙoda? Wane kamfani ne zai ɗauki nauyin nazarin kacalla? Masuncin da komarsa ta yage? Ayyukan da aka taɓa yi a kan waɗannan abubuwa, kamar aikin kare dausayi da aka fara a Nguru a 1987 da shirin raya yankin hamada da ke Garin Alkali, da kuɗin tallafi na waje da na gwamnati aka yi su, kuma da tallafin ya ja baya sai ƙarfinsu ya ragu. Cibiyar binciken lafiya da aka buɗe a jami'ar jiha a Damaturu a 2021, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, wadda ta sa hannu a binciken ciwon ƙodan, ita ma da goyon bayan gwamnati da na masu taimako ta tsayu.

Jami'ar da aka ce ta ciyar da kanta, dole ta bi inda kuɗi suke. Za ta faɗaɗa kwas ɗin da ke da arhar koyarwa da yawan masu nema, wanda allo da alli sun ishe shi, ta ƙyale wanda ke buƙatar ɗakin gwaji da mota da shekaru biyar ana auna ruwan rijiyoyi. Malamin da ya ƙware zai bi albashi zuwa Abuja ko ƙetare. Ba mugunta ba ce, irin lissafin da ya ɗauke kamfanoni daga tashar Nguru ne. Ginin zai tsaya kamar yadda tashar ke tsaye, amma abin da aka gina shi dominsa ya tafi.

Ɗan da ya faɗa tsakani

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da karatu ya yi tsada, abin da ke ceton ɗan talaka shi ne tallafin jiha. A 2023 gwamnatin Kano ta biya wa dubban ɗalibanta na Jami'ar Bayero kuɗin rajista, wasu jihohin ma sun yi irin haka. Amma duk wannan da takardar shaidar asali ake samun sa. A cikinmu akwai gidajen da suka shekara 80 ko 90 a Nguru ko Gashuwa, da yawa sun zama 'yan gari ta kowace fuska, kuma masu gari sun riƙe su da mutunci. Amma akwai yaran da ke faɗawa tsakani: a inda aka haife su a ce musu su nemo takarda a garin kakansu, a garin kakan kuma a ce ba a san su ba. A zamanin da karatu ke kyauta wannan matsala ba ta da nauyi sosai. Yanzu kuwa tana iya zama dalilin da yaro mai ƙwazo zai ajiye takardar shiga jami'a ya koma tura baro. Ya kamata shugabannin unguwanninmu da sarakunan kasuwa su zauna da masarautu da ƙananan hukumomi a warware wannan cikin girma da arziki, tun kafin lokacin rajista, ba sai ranar da yaro ke kuka ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba ina cewa kasuwa abar ƙi ba ce. Ɗan dillali ba ya zagin kasuwa. Akwai alherin da za a samu idan jami'a ta buɗe ido ta dubi abin da ke kewaye da ita. Kifin da ake bandarwa a yankin nan, albasa da tattasai da ke ruɓewa a lokacin kaka, riɗi da ƙaro da ake fitarwa ɗanye, fatar da ake kaiwa Kano, duk waɗannan suna buƙatar wanda zai inganta adana su da sarrafa su. Idan darasin sana'a zai sa yaro ya zauna da mai bandar kifi ya gano yadda za a rage asara, wannan kasuwanci ne mai albarka. Idan kuwa abin ya tsaya a koya wa ɗalibin kimiyya haɗa sabulun ruwa don ya ci jarrabawa, an yi asarar lokacinsa. 'Yan kasuwarmu su ne ya kamata su je ƙofar jami'a da matsalolinsu, su karɓi ɗalibai a shagunansu da rumbunansu, kada su jira a gayyace su.

Amma kakanninmu da suka san ciniki sun kuma san abin da ba a sa wa farashi. Attajirin da zai yi jayayya da kai a kan sisin kwabo a rumfa, shi ne zai haƙa rijiya a ƙofar gidansa, ya gina masallaci, ya ciyar da almajiran malam shekara da shekaru bai taɓa tambayar riba ba. Da haka zawiyoyi da tsangayun Nguru suka rayu, har sunan malamai irin su Shehu Muhammadu Gibrima ya kai ƙasashe. Sun raba haja daban, waƙafi daban. Wannan hikima ce ya kamata mu dawo da ita. Ƙungiyoyin 'yan kifi da 'yan hatsi da mahauta da direbobi za su iya kafa asusun da zai riƙa biya wa yara biyar ko goma kuɗin rajista duk shekara, ba tare da tambayar ƙabilarsu ba, a rubuta komai a fili. Masu hali za su iya gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata a matsayin waƙafi, domin rashin wurin kwana mai aminci na cikin abin da ke hana iyaye sakin 'ya'yansu mata.

Sannan kada wannan ya sa mu sauke wa gwamnati nauyinta. Idan 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a, a tambaye su nawa aka ware wa jami'ar Gashuwa da kwalejojin Nguru, nawa aka saki, nawa aka kashe a binciken ƙoda da na ruwa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, bisa hujjar cewa waɗanda ake da su ma ba a riƙe su da kyau ba. To ga dama ta samu ta cewa a riƙe wadda muke da ita. Jirgi ya zo mana a 1930 ba mu muka kira shi ba, harkarsa ta ja baya ba a yi shawara da mu ba. Jami'a kuwa muna da bakin magana a kanta, in mun ga dama.

Wanda ke da ƙarin bayani ko gyara, musamman dattawan da suka ga zamanin gyaɗa da idonsu, ƙofa a buɗe take. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Yobe da Nijeriya lafiya, amin.